Littafin Jiya da Yau na Baba Maigadi

Shekarun baya, lokacin ina kan injin buga buta a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, aka kawo mana sabon manaja. Satinsa ɗaya ya tara mu, ya ce duk mai riƙe da inji sai ya iya rubuta rahoton aikinsa da Turanci. Wata uku ya ba mu. Wanda ya kasa, a nemo wani.

Ni kuwa Turancin nawa, a dai rufa wa juna asiri. Kalmomin na sani, amma abin da ya faru jiya da wanda ke faruwa yau duk kwano ɗaya nake zuba su. Ga mata da 'ya'ya uku a Zawaciki. Wallahi hankalina ya tashi.

Abokina ya ce, "Kai fa ka cika shirme. Ga malami a bakin ƙofa kana wuce shi kullum!" Ashe Baba maigadinmu tsohon malamin firamare ne daga Jigawa.

Na same shi bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ku taimake ni, abincina ake shirin ƙwacewa."

Ya sa na sayo littafin rubutu. Ya ja layi a tsakiyar shafi da jan biro, hagu ya rubuta jiya, dama ya rubuta yau. Ya ce, "Kullum layi biyu nan, biyu nan. Kuma kada ka ƙago min labarin Landan. Abin da ka gani a wajen injinka za ka rubuta."

Haka muka yi ta yi. In na tashi daga aiki sai in miƙa masa ta tagar ɗakin gadi kafin in tari adaidaita. Shafin ya dawo min jajir, kamar an yanka kaza a kai.

"Kai ɗan nan, wannan go da ka ajiye a jiya fa? Went ake cewa!"

"Baba, ai duk tafiya ce."

"To tambayi mai jira a tasha, ko wanda ya tafi da wanda yake tafiya ɗaya ne."

Ana cikin haka damina ta kankama, injina ya tsiri tsayawa, butoci na fitowa da huji. Injiniya ya kwance ya ɗaura bai ga komai ba, sai ya ce hannun mai aikin ne. Ga Turanci bai nuna ba, ga laifi a kaina. Ranar da manaja ya aiko kirana, har na fara tunanin sana'ar da zan koma.

Baba ya ce, "Tafi da littafin."

"Haba Baba! Wannan da ya sha jan biro? Ai tonon asiri ne."

"Tafi da shi, na ce."

A ofis manaja ya tambaye ni yaushe matsalar ta fara. Na buɗe baki, Turanci ya ce bai san ni ba. Sai kawai na miƙa littafin. Ya yi ta buɗe shafuka, can ya sa aka kira injiniya. Duk ranar da na rubuta a ɓangaren yau cewa an kawo min garin roba a jiƙe, a shafi na gaba ɓangaren jiya akwai tsayawar inji. Ashe rufin siton da ake ajiye garin ne yake yoyo. Ni na rubuta da hannuna, amma ban taɓa lura ba, hankalina na can wajen go da went.

Manaja ya ce Turancin dai da saura, amma a bar ni a kan injina.

Yanzu in na tuna, nakan ga Baba ya san abin da yake yi. Turanci na je nema, shi kuma ya koya min in riƙa duba abin da ke gabana in rubuta shi yadda yake. Har yau ina jan layin nan a littafi.

Daga baya Baba ya koma gida Jigawa. Ranar da abokina ya kawo min labarin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, na buɗe littafi don in rubuta cewa ya koyar da ni. Na san sarai ɓangaren jiya ne wurinsa. Na daɗe riƙe da biro, hawaye na zuba. A ɓangaren yau na sa shi, kuma babu mai jan biron da zai gyara min.