Makullin da Bajimi Ya Riƙe

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Kuma ba jahili ba ne ni, na yi firamare har aji huɗu, wanda a Runka ta zamaninmu ya isa a riƙa kawo maka takardar asibiti ka duba.

A shekarun da ɓarayin daji suka hana mu sakat, 'yata malamar makaranta a Batsari ta bar mini tsohuwar kwamfutarta. Ta ɗauki hoton shanuna ɗaya bayan ɗaya, ni tsaye a gefen kowace kamar ango, ta zuba a ciki. Lokacin kuwa ko ɗan'uwanka ba ka gaya wa yawan garkenka, don ba ka san wanda ke kai rahoto daji ba. Na sa ta kulle hotunan. Ta kulle, ta ba ni kalmar sirri, ta miƙo mini wani ɗan filashin kwamfuta kamar ƙwayar dabino, ta ce makullin gaskiya yana ciki, in adana shi inda wuta da ɓarawo ba za su kai ba.

Na zauna na yi nazari irin na masu ilimi. Gida ana ƙonawa, aljihu ana lalubewa. Sai na kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata, ya toshe da kakin zuma, na rataya wa bajimina a wuya tare da sauran layunsa. Da damina aka kore garken duka, har da ma'ajin.

Ban damu da makulli ba, tunda kalmar sirri tana kaina. Da kwamfutar ta fara nauyi kamar jakin da ya ƙi hanya, na hau babur na kai ta shagon gyara a Batsari, na ba da umarni a wanke ta tas a sa sabuwar manhajar windo. Mai shagon ya tambaya ko akwai abin da aka kulle. Na ce ya yi aikinsa, yana magana da wanda ya san boko. Ya kwashe hotunan gefe, ya wanke, ya mayar.

Sai labari ya zo cewa an ƙwato wasu shanu, suna Safana, mai shaida ya je ya karɓi nasa. Na buɗe kwamfuta, ga sunayen hotuna a jere, kowanne ya ƙi buɗuwa. Na buga kalmar sirri da yatsa ɗaya, na buga da bisimilla, har tofi na yi mata. 'Yata ta ce makullin da ke cikin tsohuwar windo ya tafi da wanki, saura na filashi. Da na gaya mata inda yake, ta ce in ɗauko kwamfutar mu kama hanya.

Muka tafi Safana da ita da uwarta. Bajimina na nan, ya rame, kuma har wasu mutum biyu sun rantse nasu ne, tun yana maraƙi suka san shi. Jami'in da ke rabon ya ce hoto ko shaida. Na ce hoton yana cikin kwamfuta, makullin kwamfuta kuma yana wuyan san. Ya dube ni kamar mai neman a kai shi asibiti. Ashe ɓarayin da ba su ji tsoron hukuma ba sun ji tsoron tsinke laya. Aka farke fata, 'yata ta soka filashi a kwamfuta, sai ga ni na bayyana riƙe da ƙahon bajimi ina murmushi. Masu rantsuwa suka tuna suna da uzuri a kasuwa.

A bayan a-kori-kura, muna komawa da sa, na fara yi wa fasinjoji bayanin yadda hangen nesana ya yi aiki. Mai ɗakina ta gyara mayafi.

"Malam, ka bar san ya yi bayani. Cikinku biyu shi kaɗai ya riƙe abin da aka ba shi ajiya."