Man da Na Ɗura wa Motar Alhaji

Ana saura 'yan shekaru Turawa su bar ƙasar nan, ni direba ne a Tambuwal, saurayi mai ji da kai. A manyan motocin ɗaukar gyaɗa na koyi tuƙi, don haka ban ga wanda zai koya mini sha'anin ƙarfe ba. Wani Alhaji mai fataucin fata ya sayi ƙaramar mota hannun wani Bature da zai koma gida, ya ɗauke ni in ja ta. Giya fuɗu gare ta, da wani giyan ƙari da ake kunnawa da ɗan maɓalli in hanya ta miƙe. Ranar da muka karɓo ta, makanikin Baturen, wani dattijo, ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in zuba mata man giya mai kauri, baƙin man inji mai ruwa-ruwa shi giyanta ke sha. Na ce mashi to, amma a zuci dariya nika yi. Giya da man inji? Da lokacin canjin mai ya yi, sai na ɗura mata mai kaurin nan na manyan motoci. Tun makon farko ta soma gardama, in na kashe maɓallin giyan ƙarin bai saki sai an jima. Na ci gaba da jan ta a haka.

Da kaka aka aiko daga Kebbe cewa kububuwa ta sari yayan Alhaji yana yankan dawa. Ni da Alhaji muka je, muka same shi jini na tsattsafowa a dasashinsa, asibiti kuwa sai Sakkwato. Na kunna giyan ƙari na taka wuta. Ba mu kai Tambuwal ba muka afka wani rafi mai yashi, ƙafafun gaba suka nutse. Na kashe maɓalli, na jefa ribas ban jira ba, giyan ƙarin kuwa yana nan a maƙale. Sai wata ƙara a ƙarƙashinmu, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Muka kwantar da bawan Allah a gindin tsamiya muna jiran abin hawa. Kafin la'asar ya cika, kansa bisa cinyar ƙanensa.

Da Alhaji ya tambaye ni abin da ya faru, na ce ruɓaɓɓiyar mota Bature ya sayar mashi. Ya yarda, har ya ba ni haƙuri, wai na yi iya ƙoƙarina. Wallahi haƙurin nan ya fi mari ciwo.

Na san ajali na Allah ne, ko da mun isa asibiti ba lalle ya tashi ba. Amma taurin kan nawa ne, ƙaryar ma tawa ce. Masu riƙe da motar mutane, ku zuba mata man da aka ce, kowace da irin nata. In kun yi kuskure ku faɗa tun mai shi yana raye. Ni na yi ta cewa gobe, har na sa hannu aka ɗauki makarar Alhaji ban nemi gafararsa ba.