Saura Kaɗan In Shiga Mujallar Likitoci

A bakin rafin Kurudu na duba ƙafata na ga ba takalmi. A hannuna yake, tun daga gidan tsohuwar da muka baro nake riƙe da shi, ina taka tsakuwa ban sani ba. Nan gabana ya faɗi.

Na gama sakandare ke nan aka haɗa ni da wani likita ɗan kudu mai binciken gigin tsufa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni ce tafinta. Aikinmu bin ƙauyuka. Mu zauna da tsoho, in faɗa masa sunan abu uku, mu taɓa hira, sannan in ce ya maimaita, likita ya rubuta. Abin da ya tara yake aikawa a buga a mujallar likitoci. Ya ce a sana'arsu ba a auna mutum da gida ko mota, sai da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Ranar da ya ji wani a ƙasar waje ya ambace shi, a gabana ya taka rawa, babban mutum da tabarau, ya saya wa kowa rake.

Ita tsohuwar Kurudu ta manta sunayen 'ya'yanta, amma ba ta manta ana ba baƙo ruwa ba. Jim kaɗan sai ta miƙo mini ƙwaryarta.

"Yarinya, ki sha ruwa. Kin zo daga nesa."

Wa ke mayar wa tsohuwa ƙwarya? Na sha, na sake sha, har cikina yana ƙara kamar tulun da bai cika ba. Shi ya sa ina ganin takalmin nan a hannuna na ce shi ke nan, na kurɓi cutar.

Daga ranar komai ya zama shaida. Na zuba gishiri a koko. Na gai da maƙwabciyarmu a bakin rijiya, na dawo na sake gaishe ta. Abin haushi, dariya ke zuwa mini maimakon kuka, irin wadda ba ta tsayawa. Ina daka ina karanto kogunan da muka haddace a makaranta, in ji ko suna nan.

Inna ta ce, "Ke, lafiyarki? Turmin kike koya wa boko?"

Ciwon da ban tsoro, amma abin da ya fi razana ni mujallar. Budurwa mai gigin tsufa! Wa ya taɓa gani? Likitocin duniya za su yi ta ambaton wata yarinya 'yar Karu, shi kuwa ya yi ta rawa a kaina.

A kan duwatsun Mpape asiri ya tonu. Na faɗa wa wani dattijo abu uku, muka yi hirar doya, ya maimaita tiryan-tiryan. Likita ya dube ni yana jiran in ce daidai ne ko kuskure. Wallahi ko ɗaya ban tuna ba. Dariyar ta ƙwace, hawaye suka biyo ta.

Na ce, "Oga, don Allah kada ka rubuta ni."

"In rubuta ki a ina?"

Na zayyana masa komai, ruwan tsohuwa, takalmi, koko, maƙwabciya, har da ranakun da wuraren da kowanne ya faru. Ya cire tabarau yana goge ido.

"Duk tsofaffin da muka gani, akwai wanda ya lissafa mana abin da ya manta? Ai 'ya'yansu ke lissafawa. Kuma da ana shan cutar a ruwa, da jikokin tsohuwar sun riga ki. Me kika ci kafin mu hau dutsen nan?"

"Ban ci komai ba. Tsoro ya hana ni ci."

"Barci fa?"

Na girgiza kai.

"Yunwa ce da gajiya. Kanki lafiya lau. Babu abin da ya same ki."

Na zauna daɓas a ƙasa. Dattijon ya leƙo fuskata, ya dubi likita, ya ce, "To ni fa, 'yata? Na ci ko na faɗi?"