Ƙodar Velaphi da Reshen Magarya

Velaphi Mthethwa, yayan marigayi mijina, bai taɓa cin gumin hannunsa ba. Da baki ya ci abinci tun yana kamasho a tashar Eshowe, har ya zama babban gida. Ko akuya za a yanka sai ya yi jawabi. Amma inda ya fi ƙwarewa shi ne ƙofar ɗakin asibiti.

Duk ɗan dangin da mota ta buge, likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu, na'ura ce kawai ke numfashi, sai nas ta zo a ladabce tana roƙon a ba da ƙoda don a ceci wani. Velaphi ne ke tare ta.

"Ke 'yar nan, ba ki da manya a gidanku? Mu nan cikakken mutum muke kai wa kakanni. In ya je da rami a ciki, wa zai gane shi? Rabon kayan ciki sai mutanen Cape Town, can za ki je."

Haka ya yi a kan ɗan ƙanwarsa, haka ya yi a kan jikan maƙwabci, inda ko gayyatarsa ba a yi ba. Kuma kowane gida a lardinmu akwai irinsa, shi ya sa layin masu jiran ƙoda a Durban ba ya motsi. A layin nan 'yata Thobeka take. Ta ajiye aikin koyarwa, ba ta da wurin zuwa sai wankin ƙoda. Na taɓa durƙusa masa na ce, "Yaya, 'yar ƙaninka ma fa jira take."

Ya ce, "Matar ƙanina, al'ada ba ta san 'ya ba."

Sai ciwon suga ya cinye ƙodojinsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mutumin nan ya tattara ya koma wurin ɗansa a Cape Town, garin da yake zagi, don can mutane suna bayarwa, layi yana tafiya. Mu ba mu da kowa a can. Ya dawo da kumatu, yana tauna gasasshen nama, ɗauke da ƙodar ɗan wasu da mota ta buge. In an tambaye shi sai ya ce canjin iska ya je.

Thobeka ta rasu a asibitin Durban tana jira.

A al'adarmu, babban gida ne ke zuwa da reshen magaryar kura ya ɗauko ruhun mamaci daga gadon da ya cika, ya kai shi gida. Ana kama wa reshen kujera a mota. Mai riƙe da shi mamacin kaɗai yake yi wa magana. In ya amsa wa mai rai, ruhun ya sauka ke nan a hanya. Velaphi ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauko ruhun Thobeka a reshen, muka shiga motar haya. Ni na zauna a ɗaya gefensa, na tsane shi har cikin haƙorana.

Ya raɗa wa reshen, "Thobeka, mun bar Durban."

Na ce, "Yaya, yaya sunan yaron da ke cikinka? Uwarsa ta yi shawara da babban gidansu kuwa?"

Mutanen mota suka juyo.

"In ka je wa kakanni, ƙoda uku za ka nuna musu? Ko a bakin ƙofa za ka ajiye ta aro?"

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Yau kamasho ya haɗiye harshe!" Gumi ya jiƙa masa wuya. Da ya amsa min da ya zubar min da 'ya a titi, na kuma sani, amma na kasa dainawa.

A kan gadar Thukela ya sunkuya, ya ce wa reshen: "Thobeka, muna haye ruwa, biyo ni."

Na ce, "Gaya mata kada ta ji tsoro, za su gane ta. Cikakkiya take, yadda kake so. Ƙodojinta biyu da suka kashe ta suna nan, ko ɗaya ba a taɓa ba."