Gojko Šarac da Izgar Farin Doki

A shekarun 1960, unguwar da ke bakin kogin Pliva ba ta wuce gidajen katako kaɗan ba, sai injinan niƙa da ruwa ke juyawa da rumfar wankin ulu guda ɗaya. Mai wannan rumfa shi ne Gojko Šarac, wanda ya gaji sana'ar, ya kuma gaji sunan gwanin fatsa daga mahaifinsa. Sunan nan ya fi rumfar daraja a wurinsa.

Mutanenmu da izgar doki suke tufka tsarkiya, wato siririyar igiyar ƙarshe da ake ɗaura wa ƙugiya mai ƙwaron bogi na gashin zakara. Idan kaka ta yi, kifi kan koma ƙasan ruwa, don haka wanda tsarkiyarsa ta nutse shi ke cika kwando. Ta Gojko kan yi yawo a sama. Ta maƙwabcinsa Ostoja Kljajić, mai jan itace da farin ingarma, tana taɓa ruwa take ɓacewa. Sannu a hankali baƙi masu zuwa fatsa daga Sarajevo suka daina tambayar gidan Šarac.

Dattawa biyu sun ba ni labarin abin da ya faru a shagon shan giyar rakiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

"Maƙwabci, yau ma kifin ya ce a gaishe ka?" in ji Ostoja.

"Ba kai ke kamawa ba, dokinka ne," in ji Gojko. "A ba makaho wannan izgar, shi ma ya cika kwando."

"Wallahi babu ruwan doki. Hannunka ne. Maiƙon ulu ya kama shi, duk abin da ka tufka ba zai nutse ba. Ka cuɗa hannu da yumɓun kogi, ka shafa wa tsarkiyar, shi ke nan."

"Au, ƙazami kake ce mini a gaban mutane?"

"Ni na ce? Hancin jama'a ya riga ni."

Aka kwashe da dariya, Gojko ya fice bai ƙarasa kofinsa ba.

A ganinsa, mutum ba ya fallasa sirrinsa a shago, saboda haka maganar yumɓu yaudara ce. Ya sayar da rabin gonarsa, ya sa wani ɗan uwansa ya sayo masa ingarman a ɓoye. Ostoja ya karɓi kuɗin da murna, domin dokin ya tsufa. Duk hunturu Gojko yana tsinkar izga yana tufka, har wutsiyar ta koma kamar tsohuwar tsintsiya. Da ya jefa tsarkiyar a gaban maƙwabta, sai ta kwanta a saman ruwa kamar ta da.

Ostoja ya cuɗo yumɓu ya miƙa masa daga inda yake tsaye. Gojko ya dubi hannun, ya naɗe igiyarsa, ya haura gida. Karɓa na nufin yarda cewa maƙwabcinsa ya fi shi sani, ya kuma fi shi kirki. Daga ranar ba a sake ganinsa da sandar fatsa ba, sai dai a tagar rumfa, yana kallon Ostoja cikin ruwa.

Gojko ya rasu a 1981. Ban samu tabbacin ko ya taɓa gwada yumɓun shi kaɗai ba. 'Yarsa Radojka, wadda za ta iya sani, har yanzu ba ta yarda ta yi magana da ni ba.