Sunan da Hansai Ba Ta Kira

Duk Tsiga babu macen da ta kai Hansai matar Labo saurin hannu a cirar auduga. Ni ganau ne, domin ni nake auna wa gidansu kafin a kai Funtua. Kafin mata biyu su cika buhu, ita ta cika nata ta ɗaure baki. Awakinta tara, 'ya'yanta biyar. Amma in ka ce ta lissafa maka 'ya'yan, huɗu za ta faɗa ta yi shiru.

Wadda ake tsallakewa ita ce ta fari, Lauratu. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Da aka yaye yarinyar sai yayar Labo, Tsohuwa, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta ɗauke ta riƙo. Dangar kara ce kawai tsakanin gidajen biyu. Ta nan Hansai take jin Tsohuwa tana cewa "Laure, uwata," yarinya tana ƙyalƙyala dariya. Sai ka ji tabaryar Hansai ta ƙara ƙarfi.

In ta hangi kan yarinyar sai ta ce, "Wannan kitso ne, ko kaza ce ta yi tono?" Washegari kuma ƙwaryar fura ta tsallaka danga, wai ta Tsohuwa ce. Kowa ya san fura ba ta zama a cikin Tsohuwa.

A bazarar 1965 ƙyanda ta shigo gari, ta kama Lauratu tana 'yar shekara takwas. Ƙuraje suka fito, suka fara bushewa, har ana barka. Sai zazzaɓi ya dawo, ta kama sambatu da fizge-fizge, ta daina gane kowa. Tsohuwa ta yi abin da ta gada. Ta toshe taga, ta hura wuta a ɗaki, ta lulluɓe ta da gwado, ta hana ruwa taɓa jikinta, don sauran ƙyandar da ta koma ciki ta fito.

Labo ya hau keke ya ɗauko Malam Rabe na ɗakin shan magani. Malam Rabe ya duba yarinyar, ya fito yana sharce gumi. Hansai tana jikin danga, wai tsintar wake take yi.

Ya ce, "Malam Labo, ciwon ya hau kai. Ba ni da allurar da ke kashe ƙwayar ƙyanda, babu mai ita. Jiki ne ke yaƙinsa da kansa, zafi da kumburin nan na yaƙin ne. Ka san ƙonan gona. Kana sa wuta ta cinye ciyawa, amma kana tsaye da ɗanyen reshe kada ta kai rumbu. Jiki ma yana da masu kunnawa da masu kashewa. A kai kuwa babu wurin kumburi, ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Namu kawai kada mu ƙara itace. A kashe wutar nan, a buɗe ɗaki, a riƙa goga mata ruwa, a ba ta ta sha."

Tsohuwa ta ce, "Ruwa ga mai ƙyanda? Sai bayan raina. Ni na rene ta!"

Labo bai taɓa musu da yayarsa ba. Ya sunkuyar da kai, Malam Rabe ya bar ƙwayoyin zazzaɓi ya tafi.

Sai ga Hansai da rana tsaka, da ƙwaryar ruwa a hannu, ta ratsa matan da suka zo sannu.

"Yaya, matsa."

"Ke Hansai, ina kunyarki? 'Yar farinki ce fa!"

"Shekara takwas ina kunyar, ke kina jin daɗinta. Yau ki ara mini ita."

Ta sheƙa wa wutar ruwa, ta cire tsumman taga, ta ɗora kan yarinyar a cinya. Ta ce, "Lauratu." Mata suka riƙe baki.

Tsohuwa ta koma bakin ƙofa ta zauna. Zuwa la'asar ita ce mai ɗebo ruwa, tana mitar wai tsumma ya cika jiƙa. Haka suka yi ta yi, ɗaya na gogawa ɗaya na gyara mata, har zafi ya fara sauka. Malam Rabe ya ce kada kowa ya yi alfahari, akwai yaran da aka yi wa haka ba su tashi ba.

Ranar da yarinyar ta buɗe ido, a cinyar Hansai take. Ta dubi fuskarta, ta motsa baki. Hansai ta kawo kunne.

"Ina Goggo?"

Hansai ta matse tsumma, ta miƙe. Ta ce, "Yaya, ga 'yarki tana kira." Ta koma gida ta ɗauki tabarya, kuma babu komai a turmin.

Lauratu ta rayu, sai dai kunnenta na hagu ya tafi. Ba ta jin kira sai da ƙarfi, muryar Tsohuwa kuwa ba ta kai ƙofar gida. Saboda haka kullum da yamma duk unguwa na jin Hansai ta bayan danga tana ƙwala "Lauratu!" In aka dube ta sai ta ce, "Yaya nake taimaka wa."

Yarinyar takan amsa da gudu, ta wuce ta, ta faɗa jikin Goggonta. Hansai ta bi kanta da kallo, ta ce, "Har yau dai kitson nan bai gyaru ba."