Kaifin Takalmin Jikana

Wauta dai na tafka ta iri-iri, tun ina yaro a Damagaram har na yi furfura a Bronx. Amma wadda na yi a shekarar da jikana ya buga hoki, ita ce har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai, har tsohuwata, wato matata, ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ni mahauci ne, gado na yi. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban wuce ajin da ake rera waƙa ba. A lokacin ina yankan nama a wani shagon halal a unguwar Morrisania. Muna zaune a unguwar Parkchester ni da tsohuwata, 'yata da mijinta suna hawa na sama da mu. Da sanyi ya fara shigowa, babban ɗansu ya dawo daga makaranta yana tsalle, wai an ɗauke shi a ƙungiyar hoki ta yara, za a yi gasa har ƙarshen sanyi. Uwarsa tana aikin kula da tsofaffi ran Asabar, ubansa yana jan tasi. Aka duba wanda zai riƙa kai shi, aka ga ni ne mai sauƙin samu.

Ban taɓa ganin wasan ba. Ashe ƙanƙarar da muke taka-tsantsan da ita a bakin titi kada mu karye, ita ake shimfiɗawa da gangan a saki yara a kai, an naɗe su da sulke kamar za su yaƙi. Kowa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani baƙin faifan roba. A ƙarƙashin takalminsu kuma ƙarfe ne miƙe, shi suke sulɓi a kai.

Kai, Asabar ɗin nan sun yi daɗi! Daga sallar asuba sai ya ƙwanƙwasa ƙofa, da jakar da ta fi shi girma, warinta ya fi na tumbin da ya kwana a shago. Tsohuwata ta cika mana falas da shayi mai citta, ta ƙulle fanke a leda, tana cewa, "Angona, ka ci su duka, kada ka ba tsohon nan." Ni kuma in ce, "Ɗan ƙwace, yau ma dai ka faɗi in huta." Mu hau jirgin ƙasa mai lamba shida mu sauka wajen Harlem, mu taka zuwa filin. Ina yi masa Hausa, yana mayar mini da Turanci, ba mu taɓa rasa abin faɗi ba. A gida yaron nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. A jirgi ne na san yana tsoron wani ƙaton yaro a ajinsu, a jirgi ne ya san na taɓa gudu daga gaban wani bijimi, na bar wando a ƙaya.

A bakin fili kuwa, sauran iyaye suna tafi a hankali da safar hannu. Ni irin kirarin 'yan dambe nake yi. "Sai kai, ɗan ƙwace! Ture shi! Ture shi!" Kafin tsakiyar gasar, wata mata 'yar Dominika da ɗanta ke tsaron raga ita ma ta koya, sai ka ji ta tana "ture shi" ba ta san me take cewa ba. Ƙungiyarmu ba gwanaye ba ne, amma sun lallaɓa har ya rage wasa ɗaya, in sun ci su shiga zagayen ƙarshe.

Asabar ɗin da ta gabaci wannan wasa, muna dawowa ya shafa ƙarfen takalminsa ya ce ya dakushe, koci ya ce a kai a wasa shi. Na ji abin har cikin raina. A ce jikan mahauci ya kai ƙarfe wurin wani a wasa masa? Ran Juma'a yana makaranta na ɗauki takalman na tafi da su shago. Da na duba ƙarfen sai na ga bakinsa da faɗi, har da ɗan kwari a tsakiya. Na ce lallai Turawan nan ba su san kaifi ba. Na ɗora shi a dutse, na ci wannan gefe, na ci wancan, sai da ya aske gashin hannuna. Abokin aikina, wani mutumin Kumasi, ya ce, "Alhaji, rago za ka yanka da takalmi?" Na ce ya jira labari.

Gari ya waye, yaro ya ɗaure takalmi ya shiga fili. Taku na farko ya kife. Ya tashi, ya yunƙura, ƙafa ɗaya ta kafe a ƙanƙara, ya sake kifewa. In ya samu ya tafi, tsayawa ta gagara sai ya daki katanga. Ni ina nan ina "Tashi, ɗan ƙwace!" Koci ya fito da shi, ya zaunar, ya ɗaga ƙafarsa ya duba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wajen iyaye ya tambaya wa ya yi wannan aiki.

Wallahi hannu na ɗaga, ina murmushi. Na zaci yabo ne.

Matar nan 'yar Dominika ce ta yi mini bayani da hannu da ka: kwarin da na goge shi ne takalmin. Gefe biyunsa ke riƙe ƙanƙara, da su ake juyawa, da su ake tsayawa. Aka aro wa yaron wasu takalma da suka yi masa yawa, ya buga yana jan ƙafa. Aka cinye mu. A jirgi ko fanken ma bai taɓa ba. Ni kuma na ƙura wa taga ido.

'Yata ta sauko da yamma ta ce, "Baba, ai da ka tambaya." Iyakarta ke nan. Ubansa ya sa aka canza ƙarfen. Akwai sauran wasanni na waɗanda ba su haye ba, amma ni kunya ta rufe ni. Yaya zan tsaya gaban mutanen da na ɗaga wa hannu? Asabar ta zagayo, na ce gwiwa ke ciwo. Ta gaba na ce an kawo nama da yawa a shago. Ina kwance ina jin ƙarar tayar jakarsa a bakin ƙofarmu, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce. Ubansa ya riƙa ajiye tasi yana kai shi. Haka gasar ta ƙare ban koma ba.

Da sanyi ya sake zagayowa, ina jira in ji an fito da jaka, ban ji ba. Wata rana ya sauko cin tuwon kakarsa, na daure na ce, "Ɗan ƙwace, bana ba hoki ne? Ko takalmin ne har yanzu?"

Bai ɗago daga kwano ba. Ya haɗa Hausarsa a hankali, kalma bayan kalma, ya ce, "Kaka, takalmi an gyara tun tuni. Kai ne ba ka zo ba."